Sanin Hali da Iya Magana Tsakanin Abokan Aiki: Misali Daga Zangon Kwatano

Kalmar "hali" tana cikin kalmomin da ɗalibin Hausa kan ɗauka ya gama saninsu tun ajin farko. Takan zo da ma'anar iko (ba shi da halin saye), ko yanayi (halin da ake ciki), ko kuma ɗabi'ar mutum. Wannan takarda ta shafi ma'ana ta uku ne, wato yadda sanin halin abokin aiki yake sauya irin kalmomin da ake zaɓa in za a yi masa magana. An ɗauko misalan daga Kwatano ta Jamhuriyar Benin.

Kasuwar Dantokpa ta yi suna a matsayin ɗaya daga cikin manyan kasuwannin Afirka ta Yamma. An kafa ta a bakin mashigin ruwan da ya haɗa tafkin Nokoué da teku, a kan fili kimanin hekta 20. Unguwar Zongo, wato Zango, ba ta da nisa da wurin, kuma nan ne masaukin Hausawa da Zabarmawa da Dandawa. Yawan kayan da suka bi ta wannan gari zuwa Arewa shi ya sa Bakano ke kiran motar hannu "'yar Kwatano".

A irin wannan zango ba ofis ne wurin aiki ba, gidan maigida ne. Maigida ke saukar da fatake, ya ajiye musu kaya da kuɗi, ya tsaya musu in za a ba da bashi. Ƙarƙashinsa akwai dillalai da yaran gida. Abner Cohen (1969) ya bayyana irin wannan tsari a Sabon Ibadan, inda dukiya mai yawa ke sauya hannu bisa magana kawai. Inda magana ce jingina, rashin fahimtar abokin aiki asarar kuɗi ce, wani lokaci ma asarar amana.

Hausa ba ta rasa kalmomin rarrabe mutane ba. Akwai mai zafin rai da mai sanyin hali, akwai mai surutu da mai zurfin ciki, akwai miskili, akwai mai kawaici, akwai mai faram-faram. Maigidan da ya ƙware yakan raba aiki bisa wannan: mai faram-faram ya tari baƙo, mai zurfin ciki ya riƙe lissafi, mai naci ya je karɓo bashi.

Mai zafin rai bai cika wahalar sha'ani ba, domin abin da ke ransa yana bakinsa. Abin kiyayewa kawai shi ne kada a yi masa gyara a gaban jama'a. A ja shi gefe, a faɗi magana gajeriya, a bar shi ya huce.

Wanda ya fi bukatar nazari shi ne mai kunya. A ɗauka maigida ya ce wa yaronsa, "Gobe da sassafe ka kai wa Alhaji kuɗin atamfar nan." Yaro ya sunkuyar da kai ya ce, "To, Baba." Ɗalibi zai fassara "to" da amincewa, alhali sau da yawa ma'anarta ba ta wuce "na ji" ba. Mai yiwuwa yaron ya san kuɗin bai cika ba, amma kunya ta hana shi musa wa babba. Gajeriyar "to" mai kaifi daban take da "tooo" da aka ja, wadda kan ɗauki shakka ko mamaki. Haka ma "bari mu gani" da "sai yadda hali ya yi", waɗanda a bakin mai kawaici sukan zama ƙi cikin ladabi. Don haka maigida mai lura ba zai tambayi irin wannan yaro "Za ka iya?" ba, tunda amsar a bayyane take. Zai ce, "Nawa ke hannunka yanzu?" Tambayar da ke neman adadi tana ba mai kunya damar faɗin gaskiya ba tare da ya yi musu ba. In maganar ta yi nauyi, sai a bi ta bakin tsaransa. Wannan ba ɓoye-ɓoye ba ne, hanya ce da al'ada ta tanada don kare mutuncin kowa.

Turawa ma sun yi nasu rabon. A 1921 Carl Jung ya wallafa littafinsa kan ire-iren halaye, inda ya bambanta mai karkata ga jama'a da mai karkata ga zuciyarsa. A kan wannan Katharine Briggs da 'yarta Isabel Myers suka gina gwajin da ke kasa mutane gida 16, wanda kamfanoni da yawa suka runguma. Masana halayyar ɗan Adam sun soki gwajin, musamman ganin mutum ɗaya kan faɗa wani gida dabam in ya sake yi bayan 'yan makonni. Amfaninsa bai wuce tunatarwa cewa ba kowa ke karɓar magana iri ɗaya ba, abin da dillalin Zango ya sani ba tare da takarda ba. Ya kamata kuma a bambanta wannan da aikin Kirk-Greene (1974) kan mutumin kirki. Siffofin da ya lissafa, irin su gaskiya, amana, haƙuri, kunya da mutunci, ma'aunin nagarta ne, ba rabon mutane gida-gida ba.

Sai dai akwai tarko. Bahaushe kan ce hali zanen dutse, kuma wannan kan sa a yi saurin yanke hukunci. Ba kowane shiru ne hali ba. Yaron da ba ya ɗaga ido a gaban maigida shi ne mai ba kowa dariya a wurin mai shayi. Matsayi ne ya rufe masa baki. Harshe ma haka. A Kwatano ana ciniki da Fon da Yarbanci da Faransanci da Hausa, kuma mutum yakan zama kamar miskili a harshen da bai ƙware ba, ko ya zama kamar mai gatsali don bai san kalmomin sassauci ba.

Ko tsakanin Hausawa ana samun haka. Bamaraɗe yana ƙirga sefa da dala, kowace dala kuwa sefa 5 ce. In ya ce "ɗari", sefa 500 yake nufi, "jika" kuma sefa 1,000. Bakanon da ya saba da naira zai ji "ɗari" ya miƙa sefa 100, ɗayan ya ga an raina masa wayo, shi kuma ya ga an yi masa haɗama. Kowa sai ya koma gida yana kukan halin ɗan'uwansa. Shi ya sa gogaggen dillali, kafin a ce "na sallama", yakan tambaya: "Ɗari ta dala ko ta Faransanci?"