KUNDI, ZAYYANA DA ZANEN RIGA: GADON DA GARA KE CI A SORON ƊINKI

Sau da yawa akan ga ma'aikacin gwamnati ko ɗalibi mai neman shiga jami'a ya nufi kotu domin ya yi rantsuwa a kan shekarunsa na haihuwa, sabili da ba shi da wata takarda da za ta tabbatar da su. Abin mamaki kuwa shi ne, idan mutumin nan ɗan cikin birnin Kano ne, mai yiwuwa ne ranar da aka haife shi, da watan, har da lokacin da aka yi masa huɗuba, duk suna nan a rubuce da hannun kakansa cikin wata tsohuwar gafaka da ke rataye a soro, wadda ba wanda ya buɗe tun ranar da aka yi sadakar bakwai ɗin mai ita. Wannan tarin takardu shi Hausawa ke kira kundi.

A 'yan shekarun nan wata al'ada ta bazu a Turai da Amurka, ta kuma soma shigowa wajen matasan ƙasar nan ta hanyar intanet. Mutum yakan sami littafi ya riƙa rubuta abin da ke ransa, ya yi zane da fenti a gefe, ya liƙa hoto ko ƙyalle ko ganye, yana yi yana nutsuwa, wai don zuciyarsa ta sami sauƙin ɗawainiyar duniya. Masu yi suna ɗaukar abin sabo ne fil. Amma duk wanda ya san zaurukan cikin birni ya san cewa haɗa rubutu da zane da nutsuwa da labarin iyali a wuri guda tsohon abu ne a Kano, sai dai sunansa ne daban.

UNGUWAR ALLURA DA ALƘALAMI

Sunan Soron Ɗinki kaɗai ya isa ya nuna sana'ar da aka san unguwar da ita. Tana cikin unguwannin da ke cikin ganuwa waɗanda suka yi suna wajen ɗinkin manyan riguna da aikin hannu, kayan da akan kai Kasuwar Kurmi, kasuwar da aka kafa tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499. A irin waɗannan unguwanni allura da alƙalami 'yan gida ɗaya ne, domin yawancin maɗinka almajirai ne, malamai da yawa kuma da ɗinki suke ci da iyalinsu don kada su dogara ga sadaka.

Kafin allura ta taɓa babbar riga, sai an kai ta wurin mai zane, ya ɗauki alƙalami da tawada ya fitar da fasalin aikin a kan yadin: aska biyu ko aska takwas a kan aljihu, da tambari a ƙirji da baya, da sauran surori. Daga nan maɗinki zai bi sawun tawadar da zaren tsamiya ko alharini, ɗinki bayan ɗinki, wani lokaci har watanni kafin riga guda ta ƙare. David Heathcote, wani Bature da ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ya yi dogon nazari a kan wannan sana'a, shi ne kuma ya shirya nunin kayan fasahar Hausawa a Landan cikin 1976. Abin da ya ja hankalin baƙi a can, a nan gida aikin yau da kullum ne da ake yi a bakin zaure ana hira.

ABIN DA KE CIKIN KUNDI

Kundi ba littafi ba ne mai ɗaurarrun shafuka. Warƙoƙi ne a warwatse, a tattara su tsakanin tadarishi biyu, a ɗaure da tsirkiya, sa'an nan a sa cikin gafakar fata. Sabili da haka mai shi yana iya ƙara warƙa ko ya cire duk sa'ad da ya so, har kundin ya yi ta girma tare da shi tun daga ƙuruciya zuwa tsufa. A ciki akan sami addu'o'in da ya karɓa daga malamansa tare da sunan wanda ya ba shi izini, da laƙanin magunguna, da hatimai masu gidaje da aka zana da ja da baƙi, da waƙoƙin wa'azi cikin ajami, da lissafin bashi, da wasiƙun 'yan'uwa da suka tafi fatauci Gwanja ko suka zauna a hanyar Makka. A gefen warƙa kuma, ko a bayanta, nan ne akan rubuta cewa ran kaza ga watan kaza an haifi wane, ko an ɗaura auren wance, ko Allah Ya yi wa wane rasuwa.

Waɗansu sukan sa shekarar Hijira da lambobi, waɗansu da ramzi, watau haruffan da kowannensu ke da adadinsa, waɗansu kuwa sai su danganta abin da wani babban al'amari, kamar shekarar da Nasara suka ci Kano, 1903, ko shekarar zuwan Sarauniyar Ingila, 1956. Ta haka tarihin gida da tarihin gari sukan haɗu a layi ɗaya.

Kayan aikin kansu abin lura ne. Alƙalami daga gamba ko karan dawa ake feƙe shi. Tawadar allo da gawayi da ƙaro ake haɗa ta don ta wanku, amma tawadar takarda, wadda ake so ta daɗe, akan dafa ta da bagaruwa da kashin maƙera. Ja daga jar ƙasa ko karan dafi, shuɗi daga shuni. Takarda kuwa, a ƙarni na 19 yawancinta daga Italiya take zuwa, ta biyo ta Tarabulus ta ƙetaro Sahara a kan raƙuma. Wanda ya ɗaga irin wannan warƙa ga hasken rana zai ga alamar jinjirin wata guda uku a cikinta. Ke nan warƙa ɗaya tak ta haɗa masana'antar Turai da ayarin Sahara da jejin Kano da hannun malami.

Ƙanwar kundi ita ce zayyana, watau allon da ake ƙawatawa da launuka ranar da yaro ya sauke Alƙur'ani, a rubuta Fatiha da farkon Baƙara a tsakiya, a kewaye su da zane. Yaro ya karanta a gaban jama'a, ya zaga da allon gidajen dangi, daga baya a rataye shi a ɗakin uwarsa ya zama abin tunawa. Su ma mata ba a bar su a baya ba, domin ɗinkin hula da zanen ƙwarya da jeren ɗaki da ƙunshi duk fasaha ce da ke tafe da sha'anin aure da haihuwa.

NUTSUWA ITA CE JARI

Babu ɗaya daga cikin ayyukan nan da ke yiwuwa da gaggawa. Alaramma mai rubuta Alƙur'ani da ka yakan fara da alwala, ya zauna wuri guda, ya rubuta baƙaƙe da baƙar tawada, ya komo ya sa wasulla da ja, ya sake komowa ya ɗiga hamza da rawaya. Idan hankalinsa ya tafi kasuwa ko da na ɗan lokaci ne, warƙar ta ɓaci. Irin wannan haƙuri ne ya fito da marubuta kamar marigayi Sharif Bala na unguwar Gabari, wanda aka buga rubutun hannunsa aka yaɗa shi a ƙasar Hausa da maƙwabtanta.

Haka shi ma maɗinki. Hannu yana kai da komo, baki yana motsi da salati ko istigfari, ƙirgen ɗinki da ƙirgen carbi sun zama abu guda. Kano gari ne na ɗariƙu, inda Tijjanawa ke da lazimi safe da yamma da wazifa da zikirin Juma'a, Ƙadirawa kuma ke da wuridinsu, wanda marigayi Shaihu Nasiru Kabara, da ya rasu cikin 1996, ya yi wa hidima tsawon rayuwarsa. Wanda ma ba ya cikin ɗariƙa ya san zaman bayan Asuba da tafakkuri cikin halittar Ubangiji. Abin da baƙi ke biyan kuɗi su koya a aji da sunan tattara hankali, a zaure tare da sana'a ake koyonsa.

Masana na waje sun iso ga wannan gaskiya ta tasu hanyar. Adrian Hill, wani mai zane ɗan Ingila da ya yi jinyar tarin fuka, ya lura zane na rage wa majinyata damuwa, shi ne kuma ya raɗa wa wannan hanyar jinya suna cikin 1942. Carl Jung, likitan ƙwaƙwalwa na ƙasar Suwizalan, ya shafe shekaru yana cika wani jan littafi da rubutun hannu da zane mai launi game da abin da ke ransa, ba a kuwa buga shi ba sai 2009. Cikin wani binciken da aka buga a 1986, James Pennebaker ya sa waɗansu ɗalibai a jihar Texas ta Amurka su riƙa rubuta abin da ya dame su na minti 15 kwana huɗu a jere, aka kuma ga zuwansu asibiti ya ragu a watannin da suka biyo baya. Bambancin kawai shi ne, littafin Bature yawanci na mutum ɗaya ne da zuciyarsa, kundin Bahaushe kuwa na mutum ne da Ubangijinsa da iyalinsa.

MAƘIYAN KUNDI

Maƙiyi na farko gara ce, sai ɗigar ruwan damina daga rufin soro, sai gobara. Na biyu rabon gado: magada su kasa warƙoƙi kashi-kashi kamar goro, kowa ya tafi da nasa, abin da ke da ma'ana a haɗe ya zama tarkace. Na uku shi ne mafi muni, watau jahiltar ajami. Tun da boko ya kankama, an sami jikoki masu digiri waɗanda ba su iya karanta layi ɗaya na rubutun kakansu, saboda haka ko su yi wa kundin kallon kayan tsibbu su guje shi, ko su ƙone shi da niyyar girmamawa. Sana'ar ma ta canza, domin keken aiki da injin mai kwamfuta suna gama cikin yini abin da hannu ke yi cikin wata, masu zanen riga da alƙalami kuwa sai raguwa suke yi.

Amfanin adanawa a fili yake. Rubuce-rubucen Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ciki har da marsiyyoyin da ta yi wa danginta, sun tsira ne domin zuriyarta a gidan Wazirin Sakkwato sun riƙe su da kyau, har Jean Boyd da Beverly Mack suka tattara su suka buga cikin 1997. A Tambutu kuwa, lokacin da 'yan tawaye suka cinna wa Cibiyar Ahmad Baba wuta cikin Janairun 2013, mafi yawan littattafan garin sun kuɓuta ne saboda iyalai sun riga sun kwashe su a ɓoye zuwa Bamako. A wuraren nan biyu, gida ne ya fara tsare tarihi kafin hukuma ta iso.

ABIN DA YA KAMATA A YI

Wanda ke da tsohon kundi a gidansu, ya fitar da shi ya kakkaɓe a hankali, ya ajiye cikin akwati busasshe nesa da ƙasa da bango. Kada ya liƙe yagaggiyar warƙa da salatif, kada kuma ya kai a rufe ta da roba mai zafi, domin duka biyu lalata takarda suke yi. Ya ɗauki hoton kowace warƙa da wayarsa bisa jerin da ya same su, ya nemi dattijon da ya iya ajami ya karanta masa tun ana tare. Idan abin ya fi ƙarfin gida, akwai masana a Jami'ar Bayero, da Gidan Ɗan Hausa a Kano, da Gidan Arewa na Kaduna da aka kafa cikin 1970, da Ma'ajiyar Takardun Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna.

Wanda bai gaji kundi ba kuwa, sai ya fara nasa. Littafi mai ƙwari guda ɗaya ya isa, da biro da fensir mai launi. Ya keɓe rubu'in sa'a bayan Asuba ko bayan La'asar, ya kashe waya, ya nutsu, sa'an nan ya sa kwanan wata na Hijira da na Miladiyya, ya rubuta abin da ya faru a gida da abin da ya gode wa Allah a kansa. Ya liƙa ƙyallen ankon biki, da katin ɗaurin aure, da zanen farko da yaro ya kawo daga makaranta. Uwargida ta sa nata hannun, yara su yi ado a gefe. Sai dai a kiyaye abu uku: a girmama duk warƙar da ke da aya, kada a rubuta asirin wani, kada kuma a ɗauka littafi zai maye gurbin likita ga wanda damuwa ta yi wa yawa, ko gurbin rajistar haihuwa a Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa.

Ma'aikaci yakan ƙare shekaru 35 yana cika fayil ɗin gwamnati da rubutu, ɗalibi kuma yakan cika littattafai da darussan da zai manta bayan jarrabawa. Ba zai yi musu wuya su ware shafi ɗaya a mako domin gidajensu ba. Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani, amma sai an rufe tulun da kyau kafin jikoki su tarar da ita. Allah Ya ji ƙan magabata, Ya kuma ba na baya ikon riƙe amana.