Hantar da Aka Jefa wa Kare

Ranar Babbar Sallah a Ayigya Zango da ke Kumasi, kafin azahar kusan kowane lungu an yi yanka. Mai fiɗa ya buɗe cikin rago, ya ga hanta ko huhu da wani ƙullutu cike da ruwa, sai ya yanke wurin ya wurgar, ya ce wannan ba na ci ba ne. Gaskiyarsa. Sai dai inda ya wurga ɗin karnukan unguwa suna jira, kuma a nan matsalar take farawa.

Wasu daga cikin irin waɗannan ƙullutai gida ne na 'ya'yan wata tsutsar ciki. Idan kare ya haɗiye su ɗanye, tsutsar ta girma a hanjinsa. Tsawonta bai kai santimita ɗaya ba, shi kuma karen lafiyarsa ƙalau, amma kashinsa cike yake da ƙwai da ido ba ya gani. Ƙwan ya zauna a ƙasar da yara ke wasa, ya manne a gashin karen, ko ruwan sama ya kwashe shi zuwa lambu. Mutum ya haɗiye shi, sai ƙullutu irin na ragon ya tsiro a hantarsa ko huhunsa, yana girma a hankali shekara da shekaru, sau da yawa sai an kai ga tiyata. Mun san hukuncin wanke ƙwarya sau bakwai idan kare ya sa baki, amma kashin da ya yi a bayan gida ba mai kula shi.

Ga kuma sabon yayi. Masu kiwon manyan karnukan gadi suna gani a intanet cewa ɗanyen nama ne abincin kare na asali, tunda danginsa kyarkeci ne. Wani likitan dabbobi ɗan Ostareliya, Ian Billinghurst, shi ya yayata wannan ra'ayi da littafinsa na 1993. Hujjar ba ta gamsar da ni ba. Binciken da masana na Jami'ar Uppsala ta Suwidin suka fitar a 2013 ya nuna kare ya fi kyarkeci iya narkar da abinci mai sitaci nesa ba kusa ba. Ya daɗe yana cin ragowar tuwonmu. A 2012 kuma ƙungiyar likitocin dabbobi ta Amurka ta ja kunne kan ɗanyen nama saboda ƙwayoyin cuta irin su salmonela, waɗanda firiza ba ta kashewa. Tsoka zalla ma ba ta da isasshen sinadarin gina ƙashi, ɗan kwikwiyon da aka raina da ita ƙafafunsa na iya lanƙwashewa.

A babbar mayankar Kumasi da ke Kaase akwai jami'an duba nama. Yankan gida kuwa, mai gida ne jami'in. Hantar da aka ƙi, a ƙone ta ko a binne ta da zurfin da kare ba zai tono ba. Kayan cikin da aka saya wurin mahauta don kare, a tafasa su har su nuna, amma kada a ba shi dafaffen ƙashi, domin yana farfashewa ya soke hanji. Maganin tsutsar da ake ba kare sunansa praziquantel, likitan dabbobi zai faɗi adadi da lokacin maimaitawa, ga kuma makarantar likitancin dabbobi ta jami'ar KNUST nan maƙwabtaka da Ayigya.