Huda Siririn Ƙarfe da Zafin Gugar Juna

'Yan'uwa manoma, yawancin kayan aikinmu, kamar amalanke da baro da injin shuka, da bututun ƙarfe marar kauri ake yinsu. Mun sha ganin ƙusa mai haƙora ta kwance a tsakiyar damina, aiki ya tsaya, kuɗin ƙungiya ya tafi wajen gyara. Ga dalili. Ƙusa mai kaurin milimita 8, tsakanin haƙori da haƙori milimita 1.25 ne. In bangon bututu milimita 2 ne, ko haƙora biyu ba za su kama ba. Da an ɗaure da ƙarfi sai su suɗe.

To, akwai wata dabara ta magance wannan. Wani Bafaranshe, Jean Claude de Valière, ya gwada ta a 1923, amma ba ta yi ƙarko ba sai bayan shekaru fiye da 50, da aka shiga yin bakin hudawa da ƙarfe mai tsananin tauri da jure zafi, wato tangistin kabayid.

Ga yadda abin yake. Bakin nan ba shi da kaifi, yana da tsini kamar koshiyar dawa. Injin yana juya shi sau 1,000 zuwa 3,000 a minti ɗaya, yana danna shi a kan ƙarfen. Gugar juna takan kawo zafi wajen digiri 600, ƙarfen ya yi ja, ya yi laushi. Maimakon ya zube ya zama gari, sai a tura shi ciki ya zama ɗan wuya kewaye da ramin, tsawonsa kamar ninki uku na kaurin bangon. Wato milimita 2 ya koma wajen 6, wurin haƙora huɗu ko biyar ke nan.

Bayan ya huce sai a sa haƙora. Nan ma ba yanka ake yi ba. Ana murɗa wani baki dabam a ramin, ya matsa ƙarfen har haƙora su fito, kamar yadda maginin tukunya ke zana laka da yatsa. Irin waɗannan haƙora sun fi yankakku ƙarfi, gama matsi yana ƙara wa ƙarfe tauri.

Sai mu lura da abu huɗu:

1. Injin hannu ba zai iya ba. Sai na tsaye, mai ƙarfi da sauri.
2. Dabarar tana yi a baƙin ƙarfe, jan ƙarfe da alminiyam, amma ba ta yi a ƙarfen zubi, domin tsagewa yake yi.
3. A shafa mai na musamman a bakin, kada kuma a sanyaya shi da ruwa, don zai fashe.
4. Ƙarfe mai rufin tutiya yana fid da hayaƙi mai cutarwa, a yi aikin inda iska ke shiga.

Bakin yana da tsada, saboda haka ƙungiyar da ke ƙera kaya da yawa ce za ta ci ribarsa. In ramuka kaɗan ne, mai walda ya liƙa noti a bayan ramin, ya wadatar. Amma kafin ku biya kuɗin sabuwar amalanke, ku kwance ƙusa ɗaya, ku ƙirga haƙoran da ke riƙe da ita.