Mai tarin fuka yana bukatar abinci da lallashi

A ƙasar Arewa, daga Dogon Dutsi da Matankari har zuwa Tibiri, mun san halin da ake shiga idan damina ta sauka. Hatsin bara ya ƙare a rumbu, na bana bai nuna ba, ga noma yana jira. A wannan lokaci ne mai tarin fuka ya fi shan wuya.

Tarin fuka ƙwayar cuta ce da ke bin iska idan mai ita ya yi tari. Mutane da yawa suna ɗauke da ita a jiki ba su sani ba, domin ƙarfin jikinsu ya danne ta. Idan yunwa ta raunana jiki, sai ta taso. Haka ma ƙwayar SIDA take karya garkuwar jiki. Shi ya sa ake auna jinin mai tarin fuka a gidan likita. Wannan ba zargi ba ne. Idan an samu ƙwayar, akwai maganin da ke danne ta, kuma ana shan magungunan biyu tare.

Maganin tarin fuka kyauta ne a Nijar, kuma wata 6 ake shansa kullum. Amma mu lura: da mutum ya fara samun sauƙi, sai cin abinci ya buɗe masa. Idan babu abin sawa a baki, wani yakan ce maganin ya fi ƙarfinsa, ya ajiye. Wani kuma ya tafi cirani neman abin da iyali za su ci. Cutar takan dawo, wani lokaci ma ba ta ƙara jin maganin farko.

A shekarar 2023 an bayyana wani bincike da aka yi a jihar Jarkand ta ƙasar Indiya. An riƙa ba iyalan masu tarin fuka abinci kowane wata. Waɗanda suka kamu a cikin gidajen sun ragu da wajen kashi 40 cikin 100. Mu ma muna da wake, gujiya, nono, ƙwai da zogale. Kada a sayar da waken duka a kaka idan akwai majinyaci a gida.

Akwai kuma ciwon da ido ba ya gani. Magidanci ya kasa riƙe hauya, an ware masa kwano, abokai sun daina zuwa hira. Sai barci ya ƙaurace masa, ya yi shiru, ya fid da rai. Wanda ya fid da rai kuwa ba ya kula da magani. Kwano ba ya yaɗa cutar. A buɗe taga, a zauna da shi a inuwa, a raka shi karɓar magani. Idan ya fara zancen gara mutuwa, a sanar da likita ranar nan.