Satar Fasaha a Wasannin Bidiyo da Tsadar Wasan Asali

Satar fasaha a wasannin bidiyo ita ce kwafar wasa, ko sauke shi daga intanet, ko sayar da shi, ba tare da izinin kamfanin da ya ƙirƙire shi ba. Ta shafi na'urorin wasa irin su PlayStation na Sony da Xbox na Microsoft da Switch na Nintendo, kuma ba a raba ta da batun farashi. Duk inda wasan asali ya fi ƙarfin aljihun jama'a, nan kasuwar na jabu take ci.

Tsadar tana da tushe a yadda aka tsara cinikin. Kamfani yakan sayar da na'ura da riba kaɗan, wani lokaci ma da faɗuwa, kamar yadda Sony ta yi da PlayStation 3 a 2006, don ya mayar da kuɗinsa daga wasannin da za a riƙa saye. A shagunan intanet na waɗannan kamfanoni, kamfanin na'ura yakan ɗauki kimanin kashi 30 cikin ɗari na kuɗin kowane wasa. Ga kuma kuɗin haɗa wasan, wanda ke cin ɗaruruwan ma'aikata da shekaru masu yawa. Wasu takardun shari'a da suka bayyana a Amurka a 2023 sun nuna an kashe kimanin dala miliyan 220 wajen haɗa The Last of Us Part II. Sabon babban wasa ya daɗe a kan dala 60, ya koma dala 70 a 2020, sannan a 2025 Nintendo ta sa wa Mario Kart World dala 80.

Farashin kusan ɗaya ne a duniya, amma samun mutane ba ɗaya ba ne. A Najeriya an tsayar da mafi ƙarancin albashi a kan naira 70,000 a 2024, lokacin da dala ta haura naira 1,500. Ke nan a lokacin wasa guda na dala 70 ya zarce naira 100,000, mafi ƙarancin albashin wata bai isa ya saye shi ba.

Tun farko kamfanoni da masu kwafi suke wasan ɓuya. Nintendo ta saka wani ɗan makulli na lantarki a na'urarta NES ta 1985 don ta ƙi karɓar kaset ɗin da ba a amince da shi ba. Duk da haka na'urorin kwaikwayo suka cika kasuwanni, irin su Dendy da ta yi tashe a Rasha daga 1992, tare da kaset masu alƙawarin ɗaruruwan wasanni alhali 'yan kaɗan ne ake ta maimaitawa. Zuwan PlayStation a 1994 da faifan CD ya sauƙaƙa aikin: mai gyara ya kwance na'ura, ya liƙa mata ɗan guntun lantarki da dalma, sai ta karɓi faifan da aka kwafa. Dreamcast ta Sega ma ba ta buƙaci wannan ba, don an gano wata kafa da ke ba ta damar karanta faifan kwafi kai tsaye. A 2011 wani matashi Ba'amurke, George Hotz, ya wallafa mabuɗin sirrin PlayStation 3, Sony ta maka shi a kotu, daga baya suka sasanta.

A yau faifai ya ja baya. Ana kai na'ura shagon mai gyara, ya yi wa manhajarta kutse, ya loda mata wasanni masu yawa a ma'ajiyarta, mai ita ya biya abin da bai kai kuɗin wasan asali guda ba. Da irin waɗannan na'urori gidajen gem da yawa ke aiki, inda samari ke biyan kuɗi kaɗan su kara a wasan ƙwallo.

Hukunci kuwa yana ƙara tsanani. A 2022 wata kotun Amurka ta yanke wa Gary Bowser, ɗan Kanada da ke cikin ƙungiyar Team Xecuter mai sayar da kayan kutsen Switch, ɗaurin wata 40, ga kuma diyyar dala miliyan 14.5 da aka ɗora masa. A 2024 masu manhajar Yuzu, wadda ke buɗe wasannin Switch a kwamfuta, sun amince su biya Nintendo dala miliyan 2.4 su rufe aikin. A Najeriya, Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022 ta haramta karya makullan da ake sa wa irin waɗannan ayyuka.

Mai amfani da wasan sata shi ma ba ya tsira. Kamfani na iya toshe na'urarsa daga wasan intanet har abada, sabuntawa ta gagare shi, kuskure wajen kutse ya kashe na'urar, ko ya kwaso manhaja mai satar bayanai daga shafin da ya sauke wasan. Araha dai ba ta ado. Asarar cinikin da satar ke jawowa kuwa ta fi yi wa ƙananan masu ƙirƙira nauyi, ciwon da masu shirya finafinan Hausa suka sani tun zamanin kwafar faifai. Sai dai ba kowane kwafi ne cinikin da aka rasa ba, domin da yawa daga masu kwafin ba su da halin sayen na asali ko da an toshe kowace kafa.

Abin da ya fi rage satar shi ne sauƙin farashi da sauƙin samu. Shagon Steam na kamfanin Valve yana ba masu wasanni damar sa farashi daidai da ƙarfin kowane yanki. Microsoft ta fito da Game Pass a 2017, inda ake biyan kuɗin wata a samu ɗaruruwan wasanni. Konami ta mayar da wasan ƙwallonta kyauta a 2021 da sunan eFootball, tana samun kuɗi daga abubuwan da ake saye a cikinsa. Akwai kuma faifan asali na hannu da lokutan rangwame. Kwafar wasa ba izini laifi ne, tsada ba ta halatta shi, amma makulli da kotu kaɗai ba su taɓa kawar da shi ba a inda wasa guda ya fi albashin wata.