Zafin Gari Da Kiwon Kifi A Ƙasar Kumbotso

A ƙasar Kumbotso, daga Panshekara har zuwa bakin kogin Challawa, mutane da yawa sun haƙa tafki ko sun gina kwami a bayan gida suna kiwon tarwaɗa. Sana'a ce mai riba, amma kowane mai kiwo ya san baƙin cikin da a ke sha a watan Afril, sa'ad da mutum zai tashi da asuba ya tarar da kifinsa ya juya ciki sama. Waɗansu su kan ce sammu ne, waɗansu su ce abinci ne ba shi da kyau. Masu bincike kuwa sun ce a fara duba ruwan tukuna.

Masanan yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya sun auna, sun ce tsakanin 2011 da 2020 zafin duniya ya ɗara na ƙarshen ƙarni na 19 da kamar digiri 1.1. Mutum zai ga abin kaɗan ne, amma ga kifi ba kaɗan ba ne, don jikinsa ba shi da ɗumin kansa, zafin ruwan da ya ke ciki shi ne zafin jikinsa.

Ga yadda abin ya ke. Kifi yana shaƙar iska ne daga cikin ruwa, watau wadda Turawa ke kira oksijin. Ruwa mai sanyi ya fi mai ɗumi riƙe ta. In zafin ruwa digiri 20 ne, lita guda ta kan riƙe kamar miligiram 9, amma in ya kai digiri 30 sai ta koma kamar 7 da rabi. Ga shi kuma zafi yana sa kifi ya ƙara bukatar iskar. Watau bukata ta ƙaru, guzuri ya ragu. Da dare gansakuka ba ta ba da iska, sai ma ta sha wadda ke akwai, shi ya sa mutuwar ta fi yawa gab da asuba. Karfasa ita ta kan fara galabaita. Tarwaɗa ta fi jimiri don tana iya leƙowa sama ta shaƙi iskar sarari, amma ita ma ba ta tsira daga kashinta da ragowar abinci, waɗanda ke ruɓewa a ƙasan kwami su ba da wata guba, amoniya, wadda ƙarfinta ke ƙaruwa in ruwa ya yi ɗumi.

A Kumbotso akwai wata damuwa ta biyu. Ruwan dauɗa da ke fitowa daga unguwannin masana'antu na Sharaɗa da Challawa, musamman na jima, yana gangarawa kogin Challawa, na Bompai kuwa yana bin rafin Getsi zuwa Jakara. Malaman Jami'ar Bayero da waɗansunsu sun sha auna waɗannan ruwaye suna samun ƙarafa masu guba irin su kuromiyam. Da damina ruwan sama ya kan sirka dauɗar, da rani kuwa kogi ya janye, rana ta tsotse abin da ya rage, sai dauɗar ta yi kauri. Kamar gishiri ne a tukunyar miya, in ruwa ya ƙone sai ya fito. Saboda haka duk shekarar da zafi ya tsananta, wanda ya ɗebi ruwan kogi daga ƙasan magudanan nan ya zuba wa kifinsa ya sayi asara da kuɗinsa.

Ƙasar nan ta riga ta ga abin da rashin ruwa ke yi wa kifi. A 1963 faɗin Tafkin Chadi ya kai murabba'in kilomita 25,000, amma bayan farin 1973 da na 1984 sai ya koma kamar kashi ɗaya cikin goma, garin Baga mai kasuwar banda ya sami kansa nesa da bakin ruwa. Fadamar Haɗeja da Nguru, inda kifi ke hayayyafa in ruwa ya malala, ita ma ta ragu, sabo da fari da kuma madatsun Tiga na 1974 da na Challawa na 1992. Yawan ruwa ma yana da tasa ɓarnar. Ambaliyar 2012 da ta 2022 sun kwashe kifin masu kiwo a wurare da yawa a Nijeriya, dare ɗaya aikin wata biyar ya bi ruwa.

'Yan kasuwa masu sayar da kifin ƙanƙara su ma abin ya shafe su, don teku tana ɗumi. Masu bincike sun ga kifin titus ya matsa arewa har ruwayen Aisilan tun wajen 2007. In kifi ya ƙaura, masunta su bi shi, kuɗin tafiyar kuwa mai saye ne ke biya.

Sabo da haka duniya ta karkata ga kiwo. Hukumar Abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce a 2022, karo na farko, kifin kiwo da danginsa sun fi na su yawa. Binciken da a ke yi, har da na cibiyar kifi ta New Bussa wadda asalinta ya koma 1968, ya fi mai da hankali kan abu uku: zaɓen iri mai jure zafi, da dabarar tace ruwa a sake amfani da shi, da neman abinci mai araha, kamar tsutsar wani irin baƙin ƙuda, tun da abinci ke cinye fiye da rabin kuɗin kiwo.

To, kafin wannan ya iso kowane ƙauye, ga abin da mai kiwo zai yi da kansa. Ya zurfafa tafkinsa ya kai ƙafa 4 ko 5, don ruwa mai zurfi ba ya saurin ɗumi. Ya yi rumfar zana a kan rabin kwami. Ya rage yawan kifi kafin bazara ta kama, ya sayar da manya tun cikin Fabrairu ko Maris. Ya ba da abinci da sassafe da yamma lis, ban da tsakar rana, ya kuma rage shi in ya ga kifi ba ya ci, ko da zafi ko da hunturu. Ya sauya ruwa a kai a kai, na rijiya ko na burtsatse, ya bar shi ya kwana kafin ya zuba. Mai tafkin ƙasa ya ɗaga gaɓarsa ya kewaye da raga kafin Agusta.

Abu na ƙarshe, ya riƙa leƙa kwaminsa bayan sallar asuba. In ya ga kifi ya taru a sama yana hamma, ruwa ne ke neman agaji, kada ya jira hantsi. Rigakafi ya fi magani.