Kafin a kwance famfon injekta: yadda ake gano matsalar mai a tsohuwar tarakta

Idan ruwan farko ya sauka a ƙarshen Mayu ko cikin Yuni, sai ka ga manoma da yawa suna jiran tarakta ɗaya. Kwanakin huɗa ƙidayayyu ne, wanda aka tsallake gonarsa a makon nan to shukarsa ta makara. A daidai wannan lokaci ne tsofaffin taraktocin da suka yi rani guda a ajiye suke ƙin tashi, ko su tashi su yi minti goma su mutu. Kusan kullum hukuncin farko ɗaya ne: "Injekta ce." Sai a kwance famfon, a ɗaure a bayan babur a nufi birni. Bayan kwanaki, an kashe kuɗi masu kauri, a dawo da shi a ɗaura, tarakta kuma ta koma halinta.

Famfon injekta yana lalacewa, babu musu. Amma shi ya fi komai tsada a hanyar mai, kuma ba a gyara shi a gona, don haka shi ya kamata a zarga a ƙarshe.

A ɗauki Massey Ferguson 135, wadda aka fara ƙerawa a 1964, mai injin Perkins na silinda uku. Ita da 'yan uwanta irin su 165 galibi suna ɗauke da famfo samfurin CAV DPA. Babu kwamfuta a jikinsu, babu inda za a jona na'ura ta nuna lambar matsala kamar a motocin zamani. Sai dai hanyar man miƙaƙƙiya ce: daga tanki man gas yana zuwa ƙaramin famfon da ke jikin injin, wanda ke tura shi cikin filta, daga filta ya shiga famfon injekta, shi kuma ya matsa shi da ƙarfi ta bututun ƙarfe zuwa nozul ɗin kowace silinda. Injin dizal ba shi da fulogi. Fistin ne ke matse iska har ta yi zafi, nozul ya fesa mai a kanta ya kama da wuta. Masu rubuta manhaja sun san wannan irin aiki: idan saƙo yana ratsa matakai biyar amma bai isa ba, ana duba mataki-mataki ne, kuma ba a canja abu biyu a lokaci guda.

Abin dubawa na farko kyauta ne, wato salansa. A ba ta wuta ana kallon bakin salansa. Idan injin yana juyawa babu hayaƙi ko kaɗan, mai ba ya isa silinda. Idan farin hayaƙi mai warin ɗanyen gas yana fita, man yana isa amma ba ya ƙonewa, wannan kuma wata magana ce daban: ko batir ya yi sanyi injin ba ya juyawa da sauri, ko tayimin ya goce, ko rin ya cinye matsi ya ragu. Baƙin hayaƙi yana nufin mai ya fi iska yawa, kuma bayan ƙurar hunturu filtar iska ce abar tuhuma tun kafin a taɓa nozul. Shuɗin hayaƙi kuwa baƙin mai ne ke ƙonewa, ba ruwan injekta.

Daga tanki zuwa filta

Idan babu hayaƙi, a fara da wayar kashe injin, wadda direba ke ja idan zai kashe tarakta. Wani lokaci ana mayar da ita amma ƙarfen da ke jikin famfon bai koma wurinsa ba. Sannan murfin tanki: yana da ƙaramar kafar shan iska, idan laka ta toshe ta man zai daina gangarowa bayan ɗan aiki. Taraktar da ke mutuwa bayan kwata ɗin awa, ta huta ta sake tashi, a gwada ta da murfi a sassauce.

Sai ruwa da datti. Ruwa ya fi gas nauyi, yana kwanciya a ƙasan tanki da cikin kwalbar gilashin nan da ake tace mai. Tankin da aka bari rabi yana yin gumi daga ciki idan dare ya yi sanyi, man jarka da na duro ma suna zuwa da nasu. Inda ruwa da gas suka daɗe tare, wani baƙin yauƙi yana tsirowa ya toshe filta sabuwa cikin 'yan kwanaki. Wanda ya canja filta sau biyu a mako bai wanke tanki ba, asarar kuɗi kawai yake yi.

Akwai gwaji ɗaya da ke raba gardama gida biyu. A zuba gas mai tsabta, tatacce, a galan, a rataye shi sama da injin, a jona shi da farar tiyo kai tsaye zuwa mashigar famfon injekta. Idan tarakta ta tashi ta yi aiki lafiya, to famfo da nozul ba su da laifi, matsalar tana baya: tanki, bututu, ƙaramin famfo ko filta. Farar tiyon tana da wani amfanin idan aka sa ta a tsakiyar layi, domin ana ganin kumfar iska tana wucewa da ido.

Iska ce babbar mai yaudara. Tsagewar da ba ta kai ta ɗigar da mai ba tana iya zuƙar iska, musamman tsakanin tanki da ƙaramin famfo, inda jan man ake yi. Famfon injekta kuma ba ya iya matsa iska ta buɗe nozul, sai ta riƙa lotsawa tana dawowa. Wani kuskure da ya yawaita wurin canja filtar CAV shi ne sa zoben robar sama a cikin ramin filtar maimakon a cikin murfinta. Zoben sai ya rufe hanyar man, a rasa dalilin da tarakta ta ƙi tashi bayan sabis.

Fitar da iska yana da tsari. A sassauta kusar da ke saman filta, a riƙa danna hannun ƙaramin famfo har mai ya fito babu kumfa, a ɗaure. Idan hannun yana tafiya sakaka ba ya tura komai, a ɗan juya injin, domin wani lokaci yana tsayawa a inda hannun ba ya kamawa. Sannan kusoshi biyu na jikin DPA, ta ƙasa tukuna sannan ta sama. Daga nan a sassauta notin bututun ƙarfe a kan nozul, a buɗe totur, a ba ta wuta har mai ya fara tsartuwa, a ɗaure.

A nan akwai haɗari na gaske. Matsin da ke buɗe nozul a irin waɗannan injuna ya kai bar 170 ko fiye, ya isa ya huda fata. Ba a lalubar yoyo da yatsa, ana kara kwali ne. Wanda feshin ya shiga hannunsa ya tafi asibiti a take ko da hudar ba ta kai bakin allura ba, domin man yana kashe nama daga ciki.

Idan tana tashi amma tana ɗingishi

Injin da ke karkarwa ko ya rasa ƙarfi a ƙarƙashin garma ana bin sa silinda-silinda. Yana aiki a hankali, a sassauta notin nozul ɗaya da sifana. Idan sautin injin ya faɗi, wannan silindar tana aiki. Idan bai canja ba, da ma ba ta ba da komai. Amma wannan bai tabbatar da laifin nozul ba tukuna. A musanya shi da na silindar kusa a sake gwadawa. Matsalar ta bi nozul, to nasa ne. Ta tsaya a inda take, a duba bawul da rin. Nozul ɗin da ake tuhuma ana kai shi wurin mai na'urar gwaji ta hannu, wadda ke nuna matsin buɗewa da yadda feshin yake: lafiyayye yana fesawa kamar hazo ya yanke tsaf, lalatacce yana ɗiga ko yana tsiyaya. Wannan aikin minti kaɗan ne, kuma bai kama ƙafar kuɗin gyaran famfo ba.

Akwai alamun da suke nuna famfon kansa. Ɗaya ita ce tarakta ta tashi da safe lafiya, amma idan ta yi zafi aka kashe ta ƙi tashi sai ta huce. Wannan yawanci cinyewar kan famfon ce: gas ya tsinke da zafi yana sulalewa ta gefe. Ta biyu, an tabbatar mai yana shiga babu iska, kusoshin famfo suna fitar da mai, amma ko ɗigo ba ya zuwa nozul. Bayan doguwar ajiya ƙaramin bawul ɗin da ke auna mai a ciki yakan maƙale. Ta uku, baƙin mai yana ƙaruwa a sandar awo yana warin gas. Ko a nan a fara duba robar ƙaramin famfo, domin idan ta yage tana zubar da gas cikin injin, kuma ita ce mai araha. Kada a ci gaba da aiki a haka, baƙin man da ya tsinke ba ya kare ƙarfe.

DPA ba shi da baƙin man kansa, gas ɗin da ke ratsa shi ne ke hana ƙarfensa gogar juna. Shi ya sa man da aka gauraya da kananzir ko wanda ke ɗauke da ruwa yake cinye shi da wuri, kuma famfon da aka gyara aka mayar wa tanki mai datti ba zai daɗe ba.

Idan dai sai an kwance shi, a wanke wajensa tukuna. A nemi layin tayimin da aka zana a gindin famfon da jikin injin, a ɗauki hotonsa da waya kafin a sassauta ko noti ɗaya, domin gocewa kaɗan tana kawo farin hayaƙi ko ƙwanƙwasa. A toshe duk bakin bututu da leda mai tsabta. A tafi da nozul ɗin gaba ɗaya tare da famfon, a kuma tambayi mai gyaran ko yana da injin gwajin famfo, wanda ke auna man da kowace silinda ke samu. Kafin ya dawo, a sauke tanki a wanke, a sa sabuwar filta.